Salatif a Kan Kaset ɗin Bodil

Shagona yana bayan tashar jirgin fito, tsakanin mai gyaran keke da wata mata mai sayar da ulu. Aikina juyar da tsofaffin kaset: na bidiyo, na rikoda, har da fim ɗin nan mai siririn zare da ake haskawa a bango. A kawo mini su cikin kwalin takalmi, in zuba su a kwamfuta, in ba mutum abinsa a ɗan filas da bai kai tsawon yatsa ba. Ban yi makarantar wannan aiki ba, ban ma yi wata makarantar kirki ba. Na yi kuku a jirgin ruwa, na yi dillancin kayan gwanjo, a nan na lura mutanen garinmu Svendborg suna ta zubar da na'urorin bidiyo amma suna riƙe da kaset ɗin. Sai na bi ina tsintar na'urorin. Masu kaset kuwa da ƙafarsu suka biyo ni daga baya.

Kaset ba ya juyuwa da gaggawa. Yadda aka ɗauke shi haka zai tafi, kai kuma kana zaune kana kallo, don tsofaffin na'urorin nan suna da ƙiwa, da ka kau da ido sai hoto ya fara rawa. Saboda haka na ga auren rabin garin nan, na ga wanda ya yi rawa da matar da ba tasa ba, na kuma iya rufe bakina. Ɗayar ƙa'idar tawa ita ce ba na cire kaset sai ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Mutanenmu sun yi tsimin kaset ƙwarai a zamaninsa, a ɗora wannan a kan wancan, sau da yawa abin da ake nema yana can wutsiya.

Rikke ce ta kawo kwalin, da farkon bazara. Na san ta tun tana yawo da kitso biyu, yanzu ita ke bayan kanta a kantin magani. Ubanta, Aksel, tsohon mai kula da injin jirgin fito ne, abokin kartata duk Alhamis. Ya sayar da gida zai koma ƙaramin ɗaki kusa da asibiti, wajen kwashe kaya ta tarar da kaset ɗin a bayan kabad.

Ta zaro guda ɗaya ta ajiye daban a kan teburina. Ta ce sauran ba ta damu ba ko zuwa kaka ne, amma wannan tana son sa kafin bikin tabbatar da 'yarta cikin addini a coci, za ta haska shi a wajen walima. A jikin takardar da ke manne da shi an rubuta da shuɗiyar biro: Bodil, shekara hamsin. Sunan mahaifiyarta ne, rubutunta ne kuma. Ta ce sun yi hayar kyamara a ranar bikin cikarta hamsin, kawunta ya yini yana bin mutane da ita, kuma shi ke nan abin da ya rage a duniya mai ɗauke da motsin uwarta. Shekarar da ta biyo baya ciwo ya ɗauke ta.

"Fuskarta ina da ita a hotuna, Verner," in ji ta. "Muryar ce ta ɓace mini. In na nemo ta a kaina, tawa nake ji."

Na ce ta bar shi a hannuna.

Bayan ta fita na ɗauki kaset ɗin na juya shi, kamar yadda nake wa kowanne. Duk kaset ɗin bidiyo yana da wani ɗan haƙori na roba a gefe. In aka karya shi, na'ura ba za ta ƙara yarda ta ɗauki komai a kai ba. Na wannan a karye yake, amma an toshe ramin da salatif, ya tsufa har ya yi ruwan ɗorawa. Wanda ya taɓa riƙe kaset ya san ma'anar wannan. Ba a manna salatif a wurin nan bisa kuskure.

Washegari ban gama ɗora kofi ba sai ga Aksel, hularsa a hannu, ruwan sama na ɗiga daga kafaɗarsa. Ya zagaya shagon, ya tambayi kuɗin na'urar da ya san ba ta sayarwa ba ce, ya yi zancen gwiwarsa. Na ƙyale shi ya gama yawonsa, sannan na tura masa kaset ɗin, gefen salatif yana kallonsa.

Ya zauna a kujerar baƙi kamar an zare masa ƙashi. Ya ce ƙwallo ce. Ran Lahadi ne, ƙungiyar ƙasa na da wasa, shi kuma yana da aiki a jirgi, kantuna duk a rufe, babu sabon kaset a gidan. Bodil ta tafi wajen 'yar'uwarta. Ya ce a lokacin lafiyarta ƙalau, kullum tana gabansa tana masa faɗan takalmi a ƙofa, ya ɗauka za a yi na sittin, a yi na saba'in, a sake hayar kyamara. Na jira in ji wani dalili mai nauyi, babu. Ya ce tun daga ranar yake canza wa kaset ɗin maɓoya, duk lokacin da Rikke ta tambaya sai ya ce yana nan a adane, na'urar gidan ce ta lalace.

"Rikke ce ta karya haƙorin da hannunta, tana 'yar sha biyar," ya ce. "Ina tsaye."

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. In ce mata kaset ɗin ya lalace. Ai kaset na lalacewa, kowa ya sani.

Na yi masa ba'a kaɗan, na ce tsoho, a karta ba ka iya ɓoye ko bakwai ba, ashe gwanintarka tana nan. Bai yi dariya ba. Na dubi mutumin da muka daɗe muna teburi ɗaya, na ce ya tafi gida, zan san abin yi.

Na kuwa sani, abin kunyar ke nan. Ban ko tsaya dogon tunani ba. A ƙasan kanta ina da kwandon kaset ɗin da fumfuna ta cinye, waɗanda masu su suka bar mini. Na zaɓi wanda kamfaninsu ɗaya da na Bodil, zarensa ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Na sa tururin buta na ɗaga takardar da Bodil ta rubuta, a hankali, ban ɓata ko harafi ba, na manna ta a jikin ruɓaɓɓen. Na ainihin na ɓare masa salatif na jefa shi a aljihun tebur. Lokacin da nake dillanci na tsufar da sabbin kujeru da ruwan shayi na sayar wa 'yan yawon buɗe ido, hannun bai manta ba.

Da Rikke ta zo ran Juma'a, har da kek ɗin kirfa ta kawo mini, wai ladan gaggawa. Na ɗaga murfin kaset ɗin na nuna mata farin zaren. Na yi mata bayanin laima da bayan kabad da bangon da ke kallon teku, da irin muryar da likita ke yi. Na ce in na sa shi a na'ura zai tsinke ya kuma kashe na'urar. Duk abin da na faɗa game da fumfuna gaskiya ne, shi ya sa ya shiga.

Ba ta yi kuka ba. Ta shafa rubutun da babban yatsa, ta ce ba laifin kowa ba ne, kada in gaya wa Baba tukuna, zai ɗora wa kansa. Ta tambaya ko za ta iya tafiya da shi haka nan, ko don rubutun. Na naɗe mata shi a takarda. Ta yi mini godiya, ta bar kek ɗin a kan kanta.

Kek ɗin ya kwana uku a wurin, daga ƙarshe na kai wa mai gyaran keke.

Aksel ya ce in jefa na ainihin a shara. Na yi niyya. Sai wata rana da azahar, ana ruwa, babu mai shigowa, na buɗe aljihun tebur neman almakashi na gan shi. Zan so in ce ƙa'idata ce ta hana ni zubar da kaset ban kai shi ƙarshe ba. Gaskiyar ita ce wasan nake son gani. A shekarar ina teku, labarinsa kawai na ji. Na sa shi, na zuba kofi, na miƙe ƙafa. Hannuna ya danna ɗauka a kwamfuta don sabo.

Wasan bai ma yi daɗi ba. Aka tashi, masu sharhi suka yi surutunsu, aka fara labarin yanayi, sai hoto ya yage ya koma tsaki-tsaki. Na miƙa hannu zan kashe, allon ya daidaita.

Falon gidan Aksel ne, da rana, labule na motsi. An ajiye kyamarar a kan wani abu an manta ba a kashe ba, tana kallon ƙofar kicin a karkace. Baƙi sun watse, tebur cike da kofuna da ragowar kek. Wata mata cikin koriyar riga ta wuce da tarin faranti, ta dawo, ta cire takalmanta masu tsini ta yar a gefe tana ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa. Can ta tsaya ta ƙura wa kyamarar ido.

"Aksel, jar fitilar abin nan fa tana kunne."

Ta matso har fuskarta ta cika allon, ta gyara gashi kamar a madubi, ta yi wa kanta gwalo. Ta ce in an cire kaset ɗin a ba Rikke ta karya haƙorin yau ɗin nan.

"Na san ka. In ba haka ba ƙwallo za ka ɗora mini a fuska."

Daga can cikin kicin muryar Aksel ta fito, da ƙarfinta irin na da: "Ni? Har abada."

Ta tuntsire da dariya, irin mai tafiya da numfashi, ta kira shi maƙaryacin banza, ta miƙo hannu. Allon ya yi baƙi. Jim kaɗan zaren ya ƙare, na'urar ta tsaya da kanta.

Abin da yarinyar nan take nema yana hannuna tun ranar farko, da na bi ƙa'idar da nake taƙama da ita da na gan shi. Maimakon haka na sallame ta da bikin wasu mutanen da ba ta sani ba, ruɓaɓɓe, tana can ta ajiye shi inda ake ajiye abu mai daraja.

Na kira Aksel. Ya zo, na sa masa daga inda hoto ya yage. Ya kalla a tsaye. Ya ce in sake. Na sake. A karo na uku ya juya wa allon baya, yana saurare kawai.

Ni kuwa kafin ya iso na riga na tsara komai, na shiga jera masa. Wasan zan yanke shi gaba ɗaya, aikin minti ɗaya ne. In ce wa Rikke kafin in ba ta kaset ɗin na yanko wutsiyar zaren da fumfuna ba ta kai ba, ban gaya mata ba don kada in sa mata rai, na yi ta wanke shi har ya yi magana. Ta sami muryar uwarta, shi ya tsira, ni ma in fito gwani. Maganar ƙwallon kuwa za ta zama raha ce kawai tsakanin mata da miji, kowa ya yi dariya a wajen walima.

Ya ce in ta kai wancan kaset ɗin wani wuri aka duba fa? Na ce babu mai taɓa shi, ni na san irin wanda na zaɓa. Ya ce in ta tambayi guntun zaren? Na ce zan yanko shi da gaske in ba ta a ambulan. Duk ƙofar da ya nuna na riga na rufe ta.

Ya dube ni. "Ka iya wannan abu da yawa, Verner."

Ba da faɗa ya faɗa ba, amma maganar ta shige ni.

Ya ce ya hango ranar walimar. Ana zaune a dogon tebur, an ci nama an yi waƙoƙin da aka tsara wa yarinya, a kashe fitila a haska. Bodil ta faɗi nata, shi ya ce har abada, dangi su yi tafi, surukinsa ya ɗaga masa kofi, jikarsa ta zo ta rungume shi. Ya ce ɓoye kaset a bayan kabad ya iya, ya daɗe yana yi. Amma ya zauna a tafa masa a kan wannan kalma, Bodil na kallonsa daga bango, ba zai iya haɗiye abinci ba.

Na tuna masa cewa ba shi kaɗai zai tonu ba. Shagon nan da amana yake tafiya, in aka ji na sauya wa mutum kaset wa zai ƙara kawo mini kwalinsa? Ya ce ya sani, ya kuma ba ni haƙuri, shi ya jawo ni. Sannan ya ciro waya ya kira Rikke, a gabana, kafin ɗayanmu ya sake shawara.

Ta zo bayan an tashi daga aiki, da farar rigar kantin a ƙarƙashin kwat. Ta ga ubanta, ta gan ni, ta tambaya ko lafiya. Aksel ya ɗauki kaset ɗin da babu takarda a jikinsa ya miƙa mata, ya nuna mata ramin haƙorin. Shatin salatif yana nan, murabba'i mai danƙo, ƙura ta manne a gefensa. Ya ce mini in sa daga farko.

Filin ƙwallo ya fito, ana taken ƙasa. Ta kalla, ta dubi kaset ɗin da na'ura ta haɗiye, ta dubi ubanta. Ba sai an yi mata bayani ba, a gidan kaset ta tashi. Aksel ya fara magana, ran Lahadi ne, kantuna a rufe, ta ɗaga hannu ya yi shiru. Ta tambaye ni kaset ɗin da ke gidanta na waye. Na ce ban sani ba, daga kwandon shara na ɗauko. Na so in ƙara wani abu, na duba ban sami abin da ba zai ƙara ɓata shi ba.

Aksel ya ce akwai saura a ƙarshe. Ta ce in wuce.

Na tura wasan da gudu, 'yan ƙwallo na ta tsalle-tsalle kamar ƙudaje. Hoto ya yage, falon ya fito. Da matar mai koriyar riga ta fara waƙe-waƙenta, Rikke ta dafa teburina da hannu biyu. Da aka zo wajen "har abada" ba ta waiwayi ubanta ba. Shi kuwa idonsa na kan takalminsa. Dariyar Bodil ta cika ɗan shagon, ta yanke.

Ta ce in sake. Na yi ta sakewa har na daina jiran ta faɗa. Mai ulu ta rufe shagonta ta wuce ta tagarmu tana leƙe.

Can ta goge fuska da bayan hannu, ta tambaya ba tare da ta juya ba: "An ci wasan kuwa, Baba?"

"An cinye mu."

Wani sauti ya fito mata ta hanci, ban san ko dariya ba ce. Ta ce in zuba mata duka a filas, har wasan, kada in yanke ko daƙiƙa. Na ce an riga an zuba. Ta karɓa, ta ɗauki kaset ɗin, ta fita. Ba ta ce wa kowa sai an jima ba. Aksel ya tsaya yana juya hularsa, daga baya shi ma ya fita, ya bi ta wata hanyar.

Alhamis ɗin nan bai zo karta ba, ni ma da na je ban iya zama ba.

Ran Asabar da safe sai ga ta, da kaset biyu a jaka. Ta ajiye su a kan kanta, ruɓaɓɓen da na ainihin. Ta ce in mayar da rubutun uwarta inda na ɗauko shi. Na ce ta bari zuwa Litinin. Ta ce yanzu, tana nan tsaye.

Na ɗora buta. Ta tagar shago na hango motarta a bakin titi, Aksel na zaune a kujerar gefen direba, hula a gwiwa, yana kallon gabansa. Na tambaya ko zai shigo ya sha kofi. Ta ce a'a, za su je gwada masa kwat ɗin biki, wanda yake da shi ya yi masa yawa. Ta ce za ta haska abin a wajen walima, daga ƙarshen labarin yanayi, kuma shi zai tashi ya gaya wa mutane abin da ya sa aka fara daga nan. Shi ya nema, ba ita ta sa shi ba.

Na tambayi sauran kaset ɗin da ke kwalinta, ko in haɗa mata su ta kai wani wuri. Ta ce tana tunani.

Buta ta tafasa. Na kara takardar a tururi, na sa bakin wuƙa a ƙarƙashinta. Ran da na ɗaga ta ni kaɗai, ta taso lafiya kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Yau tana kallon hannuna, wuƙar ta zame, kusurwar ta yage, ta tafi da rabin harafin farko na sunan.

Na ce ta yi haƙuri. Na ce ina da gam mai kyau, zan haɗa shi yadda ba mai ganewa.

"Bar shi haka," ta ce. "Manna kawai."